Man Difarenshal a Yola da Jimeta: Yaushe Ake Canza Shi, Kuma Ina Kuɗin Gyara Yake Tafiya?

Da wuya a sami mai mota a Yola ko Jimeta wanda bai san lokacin juyen baƙin mai ba. Wani yana rubuta kwanan wata a jikin gilashi, wani kuma bakanikensa ne yake tuna masa. Amma da an zo kan man difarenshal, wanda a gareji aka fi kira man aksil, sai magana ta rabu. Wani ya ce ba a canza shi sam, sai dai a yi ciko idan ya ragu. Wani ya ce duk juye sai a haɗa da shi. Wani kuma ya ce motarsa ba ta ma da wannan abu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana riƙe da wani yanki na gaskiya, amma kowanne yana iya jawo asara idan aka ɗora shi a kan motar da ba tasa ba.

Wannan sharhi zai fayyace mene ne difarenshal, inda yake a kowace irin mota, abin da ya bambanta mansa da sauran, tazarar da ta dace tsakanin sabis da sabis, da kuma yadda kuɗin gyaransa yake taruwa. Jigon maganar shi ne babu lamba guda da ta dace da kowace mota. Irin motar, aikin da take yi, da ruwan da take shiga, su ne suke yanke hukunci, kuma a yankin Binuwai ruwa ya fi kilomita saurin kashe aksil.

Mene ne difarenshal?

Difarenshal, kalmar da aka aro daga Turanci, sunan wata na'ura ce mai tarin giyoyi da ke karɓar ƙarfin inji ta raba wa tayoyi biyu, tare da barin kowace taya ta juya da saurin da ya dace da ita. Buƙatar hakan tana bayyana ne a kwana. Wanda ya taɓa kallon mahaya a jere suna juyawa ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo ya ga cewa dokin da ke gefen waje sai ya ƙara sauri, na ciki kuma ya rage, in ba haka ba sahu ya lalace. Tayoyin mota ma haka suke. Idan tsakanin tayar hagu da ta dama mita ɗaya da rabi ne, motar kuma ta zagaye shataletale sau ɗaya cif, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da fiye da mita 9. Da a ce sanda guda ce ta haɗa su kankan, da dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa, taya ta cinye, sitiyari ya yi gardama, daga ƙarshe ƙarfe ya karye.

Dabarar ta girmi motar fetur. Wani Bafaranshe mai gyaran agogo, Onésiphore Pecqueur, ya yi mata rajista a 1827 don mota mai aiki da tururi, kuma har yau ginshiƙin aikinta bai canza ba.

A cikin tukunyar ƙarfen da ke tsakiyar aksil ɗin baya akwai abubuwa kaɗan da ya kamata mai mota ya san sunansu. Akwai finiyon, ƙaramar giyar da farfela, wato doguwar sandar da ta taso daga giyabos, take juyawa. Akwai kurawun, babbar giya mai kama da faranti wadda finiyon yake turawa. Akwai ƙananan giyoyi a tsakiya, waɗanda su ne ainihin masu raba gudu a kwana. Akwai boris, wato ƙwallayen ƙarfen da sanduna ke juyawa a kansu. Akwai sil, zoben roba mai hana mai tsiyaya. Sannan a saman aksil akwai wata 'yar ƙofar numfashi da ke barin iska ta fita idan ciki ya yi zafi. Dukkan waɗannan mai guda ne yake raya su, kuma a yawancin motoci babu famfo ko matata a wurin. Kurawun ne yake tsoma haƙoransa cikin man yana watsa shi ko'ina, duk dattin da ya shiga kuma yana nan yana zagayawa har ranar da aka juye.

Kowace mota tana da shi, amma ba a wuri ɗaya ba

Rabin ruɗanin daga nan yake tasowa. Motocin da ke bin titunan Adamawa sun kasu uku.

Kashi na farko masu jan gaba ne: Corolla, Camry, Starlet, Golf, Sharan, Honda Accord da Civic, Peugeot 406 da J5. A cikinsu difarenshal yana cikin gida ɗaya da giyabos, kuma galibi mai ɗaya suke sha. Mai irin wannan mota da aka ce masa ya biya kuɗin man aksil ɗin baya, an sayar masa da abin da babu shi. Kulawar da difarenshal ɗinsa yake buƙata ita ce canza man giya a kan kari. Akwai togiya guda: wasu tsofaffin Camry da Corolla masu giyar otomatik na shekarun 1990 suna da ɗaki na daban na difarenshal, da nasa noti na cikawa. Sau da yawa akan canza man giya a manta da wannan ɗaki har ya bushe.

Kashi na biyu masu jan baya ne: Hiace, Peugeot 504 da 505 waɗanda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, yawancin Marsandi da BMW, Canter, tifa, da manyan motocin DAF da MAN da Howo. A nan difarenshal yana tsakiyar aksil ɗin baya da mansa na kansa.

Kashi na uku masu jan ƙafa huɗu ne, abin da direbobi ke kira agziliri: Land Cruiser, Prado, Hilux da L200 masu ƙafa huɗu, da kuma wasu RAV4, Highlander, CR-V da Pilot. Land Cruiser da Hilux suna da difarenshal gaba da baya, ga kuma taransifa, akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wurare uku ke nan masu buƙatar mai, ban da inji da giyabos. Ƙananan jif irin RAV4 da CR-V kuwa suna da ɗan ƙaramin difarenshal a baya wanda mansa bai wuce rabin lita zuwa lita ɗaya da ɗoriya ba. Da yawa daga masu su ba su san yana nan ba, kuma ƙarancin man yana nufin tsiyaya kaɗan ta isa ta busar da shi.

Keke Napep ma yana da nasa, tunda tayoyinsa biyu na baya ne ke ja, haka nan babur mai ƙafa uku na dakon kaya.

Abin da ya sa mansa ya bambanta

Tun daga 1926, lokacin da kamfanin Packard na Amurka ya fara amfani da wani salon yanka haƙoran giya da ake kira haifoyid, yawancin aksil ɗin baya sun koma wannan salo. A cikinsa finiyon yana zama ƙasa da tsakiyar kurawun, don haka haƙoran ba turin juna kawai suke yi ba, suna kuma gogar juna a ƙarƙashin matsi mai tsanani. Mai na yau da kullum yana tsinkewa a wannan matsi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Shi ya sa ake zuba wa man aksil sinadarai masu ɗauke da farar wuta da fosfaras, waɗanda ke shimfiɗa wata fata siririya a kan haƙora idan zafi ya tashi. Warin nan mai ƙarfi na man aksil daga nan yake. Waɗannan sinadarai suna ƙarewa da aiki, ko da man bai ragu ba.

Abu biyu ake dubawa a jikin galan. Na farko darajar aiki: GL-5 ita ce ta yawancin aksil, GL-4 kuma ta yawancin giyabos na hannu. Ba a musanya su da ka. GL-4 ba ta da isasshen sinadarin da haifoyid ke buƙata, GL-5 kuma tana iya cutar da zobban tagulla da ke daidaita shigar giya a wasu giyabos. Na biyu kauri: 90, 140, 80W-90, 85W-140, 75W-85 da sauransu. A lura cewa ma'aunin lambobin man giya daban yake da na inji. Man giya mai lamba 90 kaurinsa bai yi nisa da baƙin mai mai lamba 40 ko 50 ba. Bambancinsu na gaskiya yana cikin sinadarai, don haka zuba baƙin mai a aksil, sabo ne ko tsoho, ba ya maye gurbin man giya.

Akwai kuma motocin da ke da nasu mai na musamman. Difarenshal mai rage santsi, wanda ake yi wa alamar LSD, galibi yana da faifan kuloci a ciki kuma yana buƙatar man da aka yi dominsa. Honda CR-V mai ƙafa huɗu tana shan man da ake kira Dual Pump Fluid, tsohuwar Pilot kuma VTM-4. Wanda ya zuba wa waɗannan lamba 90 ko 140 don ita ce a kusa, ya jawo wa kansa gurnani a kwana, sannan lalacewa.

Tazarar sabis: abin da kamfanoni ke faɗa

Idan aka tattara jadawalin kamfanoni daban-daban, yawanci suna faɗawa tsakanin kilomita 40,000 da 100,000 ga motar da ke aiki mai sauƙi. Motocin aiki irin Hilux da Hiace sukan kasance kusa da ƙaramar lambar. Wasu kamfanonin Turai kuma ba sa sa lokacin canzawa sam ga wasu ƙananan motocinsu, suna cewa man na tsawon rayuwar motar ne.

Sai dai kusan kowane littafin mota yana da jadawali na biyu, na aiki mai tsanani, wanda mutane ba su cika karantawa ba. Abubuwan da ake lissafawa a ƙarƙashinsa su ne hanyar ƙura, hanya mai gargada ko taɓo, ɗaukar kaya masu nauyi, jan tirela, da shiga ruwa. A wannan jadawali tazarar takan ragu zuwa rabi ko kusa da haka. Mai karatu ya auna da kansa: wace motar haya ce a Adamawa ba ta cikin wannan rukuni?

Maganar mai na tsawon rayuwa kuwa tana buƙatar a fahimce ta a muhallinta. An yi lissafin ne a kan mota mai bin kwalta a ƙasa mai sanyi, wadda ake sa ran ajiye ta bayan wasu shekaru. Motar da ta shigo Najeriya ta Legas ko Kwatano sau da yawa ta riga ta cinye waɗannan shekarun, a nan kuma za ta fara rayuwa ta biyu da man da aka zuba mata tun a masana'anta. Saboda haka duk wanda ya sayi motar hannu, abin da ya fi masa shi ne ya canza man difarenshal da na taransifa nan take, ya fara ƙirga daga ranar.

Akwai kuma ruɗanin mil da kilomita. Motocin da aka shigo da su daga Amurka agogonsu da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Mil 30,000 ya kai kilomita 48,000. Wanda yake jiran agogonsa ya nuna 40,000 alhali da mil yake ƙirga, ya riga ya yi kilomita 64,000.

Lamba ɗaya kuma tana nufin lokaci daban ga mutane daban. Bas ɗin da ke tashi daga tashar Jambutu zuwa Mubi, tafiyar kusan kilomita 200, ya je ya dawo kullum, zai cika kilomita 40,000 a kwanakin aiki ɗari. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Yola da Jimeta yana yin kilomita 30 a rana zai shafe fiye da shekara uku kafin ya kai nan. Na farko da kilomita zai yi lissafi, na biyu kuma da shekaru, domin danshi yana taruwa a cikin aksil ko da mota tana ajiye.

Abin da yanayin Yola yake ƙarawa

Na farko zafi. Yola tana cikin garuruwa mafi zafi a Najeriya, kuma a watannin Maris da Afrilu ma'auni kan haura digiri 40. Difarenshal ba shi da lagireto, iskar da ke bugun tukunyarsa ce kawai take sanyaya shi. Idan iskar da kanta mai zafi ce, motar kuma ta yi lodi, man yakan tsinke, ya kuma tsufa da wuri.

Na biyu, wanda ya fi kowanne haɗari, ruwa. Jimeta tana bakin Binuwai, kuma mutanen jihar ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, waɗanda sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi. A Yulin 2025 ma ruwan sama ya mamaye unguwanni a Yola ta Kudu, har da Shagari Low Cost da Yolde Pate. Ban da manyan ambaliya, akwai mayo-mayo da ake ratsawa da damina a hanyoyin ƙauyukan Fufore, Jada, Ganye da Toungo. Abin da ke faruwa shi ne, aksil mai zafi idan ya nutse a ruwa yakan huce farat ɗaya, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa ta ƙofar numfashi ko ta bakin sil. Motar za ta fita lafiya, direba ba zai ji komai ba. A ciki kuwa man ya gauraya da ruwa ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa, boris ya fara tsatsa. Bayan makonni ko watanni sai kuka ya fara, a lokacin da an manta da ranar da aka shiga ruwan. Saboda haka ƙa'idar a nan ba ta jiran kilomita: duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a buɗe a duba man, ko da jiya aka zuba shi.

Na uku ƙura da taɓo. Idan suka toshe ƙofar numfashi, iskar da zafi ya kumbura ba ta da mafita, sai ta ture mai ta bakin sil. Man da ya fita ta gefen taya yana sauka a kan birki. Nan magana ta tashi daga ta kuɗi ta koma ta rai. Bakanike da yawa sukan canza sil sau biyu sau uku ba tare da sun wanke ƙofar numfashin ba, tsiyaya kuma ta yi ta dawowa.

Na huɗu lodi da hawa. Motocin da ke ɗauko shanu daga kasuwannin Mubi da Ngurore, masu dakon hatsi da doya daga kudancin jihar, tifofin da ke ɗibar yashi a bakin kogi, da masu hawa duwatsun Michika da Madagali, duk nauyin yana ƙarewa ne a kan 'yan haƙoran finiyon da kurawun da ke haɗe a kowane lokaci.

Na biyar taya da tuƙi. Tayoyi biyu masu girma daban a aksil ɗaya, abin da sayen tayar hannu ɗaya-ɗaya yake jawowa, suna sa ƙananan giyoyi su riƙa aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya. Idan mota ta kafe a taɓo, taya ɗaya ta tsaya ɗaya tana juyawa, mai juyawar tana gudu ninki biyu, kuma ci gaba da taka totur yana iya ƙone ƙananan giyoyin cikin mintuna. Haka nan barin agziliri a kunne a kan busasshiyar kwalta, a motoci irin Hilux da ba a yi su don haka ba, yana murɗe sanduna da giyoyi.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu cewa a yi ciko kawai suna da hujja. Man aksil ba ya haɗuwa da hayaƙi da ragowar fetur kamar baƙin mai, don haka ya fi shi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma an sha ganin motocin da suka yi shekaru ba a taɓa aksil ɗinsu ba. Raunin wannan ra'ayi shi ne ciko ba ya fitar da ruwa ko garin ƙarfe, ba ya kuma dawo da sinadaran da suka ƙare. Sannan man da ke raguwa alama ce ta tsiyaya, tunda aksil ba ya ƙona mai.

Masu cewa a canza tare da kowane juye suna kan gefen taka-tsantsan, amma ga motar gida wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma yawan kwance notin juyewa yana cinye zarensa. Abin da ya dace a kowane juye shi ne dubawa, ba canzawa ba.

Akwai masu fifita lamba 140 a kan komai saboda zafin Yola. Ga tifa da manyan motoci da tsofaffin aksil masu ɗaukar nauyi, mai kauri yana da gurbinsa idan littafin motar ya yarda. Ga sababbin motocin da aka ƙera don mai marar kauri kuwa, yana ƙara shan fetur kuma ba ya saurin isa boris. Mafi muni shi ne zuba mai kauri, ko haɗa shi da giris, don a rufe bakin aksil mai kuka kafin a sayar da mota. Kukan yana raguwa, cutar tana nan, mai saye ne zai biya.

Akwai kuma masu tsoron cewa canza tsohon mai shi ne ke tayar da kuka. Abin da yakan faru shi ne tsohon man ya yi kauri da datti har yana danne ƙarar lalacewar da ta riga ta auku. Sabon mai ya tona ta ne, bai haife ta ba.

Ina kuɗin yake tafiya?

Farashi a kasuwar Jimeta yana motsi da canjin dala, don haka ya fi amfani a fahimci matakan kuɗin da yadda suke ninkuwa. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan Yuni na shekarar, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Tushen man shafawa da sinadaransa daga waje ake shigo da yawancinsu, ko da kamfanonin cikin gida ne suka haɗa. Kayan gyara kuma sai sun biyo doguwar hanya daga Ladipo a Legas, ko Nnewi da Onitsha, ko Ƙofar Ruwa a Kano, kafin su iso Adamawa, kowane zango da kuɗin motarsa.

Mataki na farko shi ne sabis: mai, washa, da kuɗin aiki. Aksil ɗin baya na Hilux ko Hiace yana shan wajen lita uku, na babbar mota kuma lita goma ko fiye. A kwatanta da abin da motar ke sha a hanya. Motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100 za ta ƙona lita 4,000 kafin ta cika kilomita 40,000. Ko da litar man aksil ta ninka ta fetur sau goma a tsada, lita ukun nan ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin man da aka ƙona ba.

Mataki na biyu shi ne sil da boris. Kayan ba su cika tsada sosai ba, amma aikin yana buƙatar gwani. Notin finiyon yana da iyakar ɗaurinsa. Idan aka zarce, boris ya ƙone, idan aka gaza, haƙora su goce daga mazauninsu.

Mataki na uku shi ne kurawun da finiyon. Tare ake goge su a masana'anta, don haka tare ake canza su. Tazarar da ke tsakanin haƙoransu ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba a yawancin ƙananan motoci, kuma da agogon awo ake saita ta, ba da ido ba. Wannan ya sa da yawa suke gwammace sayen difarenshal na hannu, wato ɗan Beljiyam, ɗungurungum. A nan ma akwai tarko. Kowane difarenshal yana da rabonsa: kurawun mai haƙora 41 da finiyon mai 10 rabonsu 4.1 ne, mai 43 da 10 kuma 4.3. Daga waje kamarsu ɗaya. A motar jan baya, saɓanin rabo yana canza ƙarfin ja da shan mai. A mai ƙafa huɗu kuwa, idan na gaba da na baya suka saɓa, taransifa ce za ta biya. A ƙirga haƙora kafin a biya kuɗi, a kuma yi sharaɗin mayarwa idan ya yi kuka.

Mataki na huɗu ba a rubuta shi a rasit: kuɗin janwe daga hanyar Numan ko Song, kwanakin da mota za ta yi a gareji ana jiran kaya, balas ɗin da bai shigo ba, da kayan gona da suka lalace a hanya. Ga mai motar haya, wannan yakan fi kuɗin ƙarfen kansa.

Sai batun jabun mai. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama gurɓataccen man shafawa a kasuwannin Najeriya. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro a kwalba ba shi da shaidar daraja ko kauri, kuma araha ba ta ado. Galan mai hatimi daga gidan mai ko dillalin da aka sani shi ne mafi aminci.

Alamomi, da yadda sabis na gaskiya yake

Kukan da ke tashi idan an taka totur ya lafa idan an saki, ko akasin haka, yana nuni ga finiyon da kurawun ko boris ɗinsu. Gurnanin da ke bin gudun mota kuma yake canzawa idan an karkata hagu ko dama ya fi kama da boris ɗin taya, wanda gyaransa ya fi sauƙi. Ƙarar ƙwal idan an sa giya tana iya zama daga mahaɗin farfela. Bambance waɗannan kafin a kwance aksil yana hana kashe kuɗi a inda babu cuta.

Sabis ɗin kansa bai wuce aikin rabin awa ba. A yi shi mota tana daidai a kan rami, man kuma da ɗuminsa. A fara kwance notin cikawa kafin na juyewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. A duba maganaɗisun da ke jikin noti: laushin gari baƙi ba abin damuwa ba ne, ɓarɓashi mai kaifi kuwa gargaɗi ne. A cika har mai ya kai bakin ramin notin cikawa, a wanke ƙofar numfashi, a sa sabuwar washa, a rubuta kwanan wata da lambar agogo. Mai mota yana da haƙƙin ganin tsohon man da galan ɗin sabon. Tsohon man kuma a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata, domin kwatocin Jimeta Binuwai da tafkin Gerio suke nufa, inda ake kamun kifi da noman rani.

Abin da ake sa ran gani

Muddin sabuwar mota da kayan gyara suna tsada, mutane za su ƙara riƙe tsofaffin motoci, motocin haya kuma za su ƙara lodi don su fitar da kuɗin mai. Duka biyun suna ƙara wa aksil wahala. Sauya mota zuwa gas ba ya canza komai a nan, yawancin motocin lantarki ma suna da nasu difarenshal. A gefe guda, ƙananan jif masu buƙatar mai na musamman suna ƙaruwa a gari, ilimin gareji kuma bai gama cim musu ba. Ƙungiyar makanikai ta NATA, ƙungiyar direbobi ta NURTW, da makarantun fasaha na jihar suna da rawar takawa wajen koyar da karanta littafin mota da amfani da kayan awo.

Ga mai mota a Yola da Jimeta, abin da za a iya tsayawa a kai shi ne wannan. Ya san rukunin motarsa da man da littafinta ya ambata. Ya sa a duba yawan man da launinsa a lokacin juye. Idan motar haya ce, ko ta kaya, ko mai shiga ƙauye, ya bi jadawalin aiki mai tsanani, wato wajen kilomita 20,000 zuwa 30,000 idan babu littafi a hannu. Idan ta gida ce mai bin kwalta, kilomita 40,000 zuwa 60,000 ko shekara uku zuwa huɗu, duk wanda ya riga zuwa. Sannan kowa, ba tare da togiya ba, ya buɗe ya duba bayan shiga ruwa mai zurfi da kuma ƙarshen kowace damina, wajen watan Oktoba, kafin a shiga jigilar kaka.